Ranar da Na Kai wa Mai Rai Makara

Shekara arba'in da 'yan kai ina gini tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kuma har yau ban daina jin haushin mutumin da zai tsaya a inuwa, hannu a aljihu, ya ce wai gini ɗora bulo ne a kan bulo. Ku matasan yanzu kun fi kowa faɗin haka. Kun ga an kwaɓa siminti, kun ga an ja igiya, kun kalli wani a waya yana yaɓe bango cikin minti biyu, shi ke nan kun zama magina. To ku gyara zama. Sunana Haladu, mutumin Sundimina, kuma zan ba ku labarin gorar can da take jingine a bayan ƙofata, wadda ɗayanku ya tambaye ni jiya ko ta kaɗo mangwaro ce.

A hannun Baba Na'iya na koyi sana'a, tun ana ginin ƙasa da tubali da azara. Gajere ne, mai faɗan tsiya, bai iya yabo ba. Shekara uku na yi ina taka ƙasa da ƙafa ina cilla masa tubali sama kafin ya yarda na hau katanga. Kayan aikinsa ba su da yawa: igiya, da cokalin gini, da wani dutse da yake ɗaurawa a zare don ya ga ko bango ya miƙe, sai wannan gorar. Ta ɗara dogon mutum da kamu guda da ɗan wani abu, kuma a kowane bakinta yana ɗaura guntun itace a gicciye.

Duk gidan da muka fitar da harsashinsa, kafin bango ya kai gwiwa, sai Baba ya kama baki ɗaya ni in kama ɗaya, mu taso daga tsakar gida, mu bi ta soro, mu karya kwana, mu fita waje. Ba a ɗaga ta, ba a karkata ta. In ta taɓa bango, a rushe wurin a sake. Na daɗe ina yi ban san dalili ba, ga kunya, don mata masu zuwa rijiya dariya suke mana. Ranar da na yi ƙarfin hali na tambaya, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Awon makara ne, sakarai. Gado ana kwance shi, randa ana mirgina ta, buhu ana saɓa shi a kafaɗa. Mai gidan fa? Ran da za a fita da shi a miƙe zai fita, kuma ba zai taimaka maka ya lanƙwasa ba."

Kun san yadda soronmu yake. Ba a sa ƙofar ciki ta kalli ta waje, don kada mai wucewa ya hango matan gida. Wannan 'yar kwanar ita ce sutura, ita ce kuma tarkon magini. Baba ya ce a ƙuruciyarsa ya ga an fitar da wani dattijo da ya rasu ta kan katanga, 'ya'yansa suna miƙa shi wasu suna karɓa ta waje, jama'a sun sunkuyar da kai. Ba wanda ya zagi maginin da ya yi soron. Sai dai daga ranar ko akurkin kaji ba a sake kiransa ya gina ba.

Da siminti ya zo, ma'aikata suka yi yawa a kan gida ɗaya, kuma kowa da irin tasa ɓarnar. Kafinta zai zo ya buga katako uku, ya ce bari ya sayo ƙusa, sai ka gan shi bayan sati biyu a kan rufin wani a garin Sara. Mai famfo ba ya zuwa sai ka gama filasta ta yi sumul, sannan ya iso da guduma ya haƙe maka bango ya tafi ya bar ka da rami. Mai wayar wuta ya biyo shi ya haƙe abin da ya rage. In bango ya tsage, mai fenti ya ce mai filasta ne, mai filasta ya ce magini ne, magini ya ce mai bulo ne, mai bulo ya ce yashin rafin bana ne ba shi da kyau. Su ma masu gida ba su da dama. Akwai tagar da na gina sau uku a Birnin Kudu: mai gida ya ce gabas, yayarsa ta zo ta ce kudu, abokinsa ya zo daga Kano ya ce ai yanzu ba a yayin taga a nan. Duk wannan na sha, kuma duk inda na je gorar Baba tana ɗaure a babur ɗina, don ni ya bar wa ita da ya rasu.

Sai aka yi wata damina mai ƙarfi da ta zubar da gidajen ƙasa barkatai. Kowa ya ce shi bulo yake so, kuma yau yake so. A shekarar duk mai cebur ya zama birkila, duk mai babur da jakar takardu ya zama ɗan kwangila. Aka riƙa buga wani irin bulo da in ka matsa shi da hannu sai ya ruguje. Na ƙi gini da shi a wuri biyu, aka sa min suna mai taurin kai, aiki ya ɗauke min ɗif. Wata biyar ina zaune, har cokalina ya fara tsatsa. Ina faɗa muku wannan ne don ku san halin da nake ciki lokacin da Injiniya Nura ya zo nemana.

Ba wanda ya san inda Nura ya karanta injiniyanci, amma yana da hular kwano ruwan ɗorawa wadda ba ya cirewa sai zai yi alwala. Kawunsa, Alhaji Bala, ya ba shi kwangilar gina masa sabon gida a Gwaram. Alhaji Bala ɗan kasuwar hatsi ne mai kai kaya Kano, dogo, ƙato, mai kirki, sai dai duk garin an san shi da abu ɗaya: ba ya son zancen mutuwa. Yana zuwa jana'iza kam, amma a sahun ƙarshe yake tsayawa. In hira ta karkata can sai ya dafe ƙirji ya ce, "Don Allah a canja magana, ina da hawan jini."

Ranar farko na iso da gora a ɗaure. Injiniya ya zagaya babur ɗin ya ce, "Baba Haladu, kamun kifi za mu je ne ko gini?" Leburori suka fashe da dariya. Ya buɗe takarda ya ce, "Ga zane, ga tef ɗin awo. Yanzu an wuce zamanin sanda." Na ji zafin maganar, amma wata biyar ba wasa ba ne. Da yamma na mayar da gorar gida na jingine ta. Wannan laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Filin siriri ne ta fuskar titi, maƙwabta sun kewaye shi ta gefe uku, don haka ƙofa ɗaya ce tilo. Injiniya ya zana shaguna biyu a gaba don haya, ya matse soron ya koma ɗan lungu tsakanin shago da katangar maƙwabci, sannan ya karya kwana ta bayan shagon zuwa tsakar gida. Duk lokacin aikin, ta gurbin shago na biyu muke shigar da rodi da katako, shi muka gina a ƙarshe. Saboda haka ba wanda ya taɓa bi ta soron da wani abu mai tsawo. Na gina shi daidai da zane, aka yi masa silin, aka shimfiɗa tayil har bango, aka kafa ƙofar ƙarfe. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Saura kwana huɗu Alhaji ya tare, an ma gayyaci mutane walima ranar Juma'a. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke cokali, sai na ga Sabo mai fenti ya ɗauki tsaninsa zai fita. Ya shiga soro, ya dawo. Ya juya tsanin, ya sake shiga, ya sake dawowa. Ya tsayar da shi, ya bugi silin. Daga ƙarshe ya yi tsaki, ya yi wa maƙwabta sallama, ya miƙa tsanin ta kan katanga. Ina ganin tsanin nan yana haurawa na tuna da gorar da na jingine a gida. Muryar Baba Na'iya kawai nake ji yana cewa sakarai.

Washegari da sassafe na zo da gora. Sabo ya kama baki ɗaya, muka taso daga tsakar gida. A kwanar ta tsaya cak. Ba ɗan kaɗan ba, ƙarancin wurin ya kai kamu guda. Na kira Injiniya na nuna masa, na gaya masa abin da ake aunawa.

Ya ce, "Haba Baba Haladu! Ka san daga ina aka kawo tayil ɗin nan? Daga Kano fa. In ranar ta zo, bayan shekaru masu yawa, ai sai a ɗauko shi a tabarma."

Na ce, "A tabarmar ma sai an tsayar da shi tsaye kamar buhun gero. Kawun naka?"

Ya ce, "Gora ba hujja ba ce. Makara ba ta kai tsawon wannan abin ba. Ni dai ba zan fasa bango saboda sanda ba."

Na tafi wurin Alhaji a rumfarsa. Ya yi murna, ya sa aka dama min fura. Na sha, na gyara murya, na ce, "Alhaji, ka san ita rayuwa, kowane mai rai..." Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam Haladu, in wa'azi ne na ji na Juma'ar da ta wuce, har yanzu bai sake ni ba. Jiya ma jinina ya hau. Yaya gida, an gama?" Na dubi mutumin nan da fara'arsa. Na ce fenti ya yi kyau. Na shanye furar na tashi.

A hanya na yi shawarar da har yau ban san ko wayo ba ce ko wauta. Tunda Injiniya ya ce gora ba hujja ba ce, bari in kawo masa makarar kanta, ya gani da idonsa, mu gyara a tsakaninmu ba tare da Alhaji ya ji ba. Bayan azahar na sami Malam Isiya ladan, shi yake riƙe da makarar masallacin unguwar.

Ya ce, "Innalillahi! Wa aka rasa?"

Na ce, "Ba kowa, Malam. Awo zan yi."

Da na yi masa bayani ya ce, "Shekara talatin ina ba da ita, ba a taɓa zuwa aron ta don mai rai ba. Ku bi ta lungun baya, ku dawo min da ita kafin la'asar."

Ta ƙarfe ce, mai dogayen hannaye. Ni a gaba, Sabo a baya, muka saɓa muka shiga lungu. Abin da na manta shi ne ranar kasuwa ce, kuma wannan lungun ta nan mutanen ƙauye suke yankewa. Ba mu yi nisa ba wani dattijo ya tsaya ya cire takalmi ɗaya don sauri ya ce, "Ina za a kai?" Kafin in buɗe baki, Sabo, da nauyi ya ishe shi, ya ce, "Sabon gidan Alhaji Bala." Dattijon ya ɗora hannu a ka ya yi salati da ƙarfi.

Kun san halinmu, ba a barin mutum biyu da makara, kowa yana son ladan. Wani ya sa kafaɗa ya karɓe ni, wani ya karɓi Sabo. Kafin in ankara makarar ta yi gaba ta bar ni, ina bin ta da gudu ina cewa, "Jama'a, yana da rai! Wallahi yana da rai!" Wani mai sayar da albasa ya rungume ni ya ce, "Yi haƙuri Malam Haladu, duk haka muke ji. Ni ma ɗazu da safe na gan shi." Wani ya ce, "Allahu Akbar, ko kwana ɗaya bai yi a gidan ba." Wani ya ce ai duba aiki ya je jinin ya buge shi, har da wanda ya rantse yana wurin. Na hango wasu majiya ƙarfi sun ɗauki diga da cebur sun nufi maƙabarta. Na kira su, suka ɗago min hannu alamar kada in damu.

Da muka isa, mutane sun fi hamsin. Injiniya yana bakin ƙofa, ya ga makara da jama'a, hularsa ta kusa faɗuwa. Ba wanda ya saurare shi. Aka cusa makara cikin soro, ta tafi sumul har kwana, ta tsaya. Aka ce a tura. Aka tura, tayil ya ce ƙas. Aka ce a ja baya a gyara, aka ja, aka sake turawa. Ta kafe, kai a ciki, hannayen baya suna leƙen titi.

Shi kuwa Alhaji yana rumfarsa yana auna masara, sai wayarsa ta yi ƙara. Wani abokin cinikinsa ne daga Kano, labari har ya kai can. Ya ce, "Wa ke magana? Ina yi muku ta'aziyyar Alhaji." Alhaji ya ce, "Wane Alhajin?" Mutumin ya kashe waya. Ta sake ƙara, wani ne daban. A kira na uku Alhaji ya tari ɗan acaɓa.

Ban taɓa ganin taro ya dare irin na ranar ba. Ɗan acaɓa ya tsaya, Alhaji Bala ya sauko da babbar rigarsa, masara a gemunsa. Dattijon farko ya zubar da ɗaya takalmin ya shige gidan maƙwabta ba sallama. Mai albasa ya ce, "Alhaji, kai ne?" Alhaji bai kula shi ba. Idonsa yana kan makarar da take maƙale a ƙofar sabon gidansa. Ya ce, "Wa ya kawo wannan?" Duk hannaye suka nuna ni.

Ya ce, "Malam Haladu, me na yi maka? Furar da na ba ka ce ba ta yi ba?"

Na san aikina a Gwaram ya ƙare, kuma tsoro nake ji kada jinin nasa ya hau da gaske in zama ni na kashe shi. Tunda babu sauran abin ɓoyewa, na faɗa masa a gaban kowa. Na ce, "Alhaji, Allah ya ja da ranka, ya kai ka shekara ɗari. Amma duk ranar da ta zo, soron da na gina maka ba zai fitar da kai ba. Sai dai ta kan katanga. Na zo in faɗa maka ɗazu na kasa."

Alhaji ya dubi katangar maƙwabcin, ya dubi makara. Injiniya ya matso ya ce, "Kawu, tsofaffin nan ne da tsoratarwa. Ai ɗan ɗaga kan za a yi, a karkata ta kaɗan, ta wuce."

Alhaji ya ce, "Ta wuce?"

"Sosai ma, Kawu."

"To a fito da ita." Aka jijjiga aka fito da ita titi. Ya ce, "Nura, hau."

"Na'am, Kawu?"

"Kai ka zana. Hau mu gani."

Malam Isiya ladan ya iso a lokacin yana haki, aka tambaye shi ko ya halatta. Ya ce bai ga laifi ba, wa'azi ne ma, amma a yi sauri la'asar ta kusa. Injiniya ya kwanta a makara da hular kwanonsa, idonsa a rufe, bakinsa yana motsi. Mutum huɗu suka ɗauka suka shiga. A kwana aka ce a ɗaga kai. Aka ɗaga har ta bugi silin. Aka ce a karkata. Ana karkatawa Injiniya ya sulalo, hular ta fice ta gangara har titi, ya cafke ƙarfen gefe da hannu biyu yana ihu, "Ku sauke ni! Wayyo, zan faɗo! Ku sauke ni!" Jama'a suka kwashe da dariya, har da masu hawaye, har da waɗanda ɗazu suke kukan gaske.

Alhaji kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira aka sauke Injiniya, sannan ya ce a hankali, "Kai kana da hannun riƙewa, Nura. Ni ranar da me zan riƙe?"

Dariya ta ɗauke. Ya juyo ya ce, "Malam Haladu, ina gudumarka?" Na miƙa masa. Ya naɗe hannun riga, ya ce in nuna masa wurin. Na nuna bangon shago. Shi ya kai bugun farko da hannunsa, tayil ɗin Kano ya tarwatse. Ana cikin haka masu haƙa kabari suka aiko a tambaya, sun kai rabi, a ci gaba ne? Malam Isiya ya ce su bar shi haka, ba zai rasa mai shi ba. Alhaji ya ce a canja magana.

Aka ɗaga walima da sati ɗaya. Shagon ya rage ɗan ƙuƙut, mai cajin waya ne kaɗai ya iya zama a ciki. Na koma aron makara don gwada sabon bangon, Malam Isiya ya ce ko da wasa, in bi da sandata. Na kawo gorar Baba tun bango yana gwiwa, na nemi Sabo ya kama, sai Alhaji ya ce a'a, shi zai kama. Mutumin da ba a zancen mutuwa a gabansa, ga shi riƙe da bakin gora muna tafiya a hankali daga tsakar gida. Ta wuce kwana ba ta taɓa komai ba. Ya tsaya ya duba ya ce, "Ƙara min yatsa huɗu, Malam Haladu. Masu ɗaukata za su sha nauyi, kada su goge kafaɗa." Na ƙara masa. Ya fi wata guda in ya shiga kasuwa ana ce masa, "Alhaji, sannu da dawowa, yaya mutanen can?" Ni kuwa aiki ya dawo min har na rasa inda zan sa kaina. Tsofaffi suka riƙa aiko min in zo in bi sorayensu da gora, wasu a ɓoye don kada 'ya'yansu su ji. Injiniya bai sake yi mata dariya ba, amma bai taɓa gode min ba, ni ma ban jira ba.

Alhaji Bala ya yi shekara tara a gidan. Ranar da aka bugo min waya da hantsi aka ce ya rasu, sai da na tambaya sau biyu, kuma na ji cewa rabin Gwaram haka suka yi. Na hau babur na tafi. Aka yi masa sutura a ɗakinsa, aka ɗora shi a makarar nan ta ƙarfe. Na sa kafaɗa a gaba ta dama, Nura yana hagu ba hula, fuskarsa jiƙe. Yana da nauyi kamar yadda ya faɗa. Muka taso daga tsakar gida, muka shiga soro, muka karya kwana. Ba a ɗaga ba, ba a karkata ba, ba wanda ya ce a yi a hankali. Cikin duk jama'ar nan ba wanda ya ko kalli bangon, kuma a nan na ji hawaye ya zo min. Na saki hannu ɗaya na sa tsakanin kafaɗata da bango. Yatsa huɗun da ya roƙa suna nan.

To wanda yake son in ba shi cokali a cikinku, ya tashi ya ɗauko gorar can, ya kama baki ɗaya.